Maganin Baba a Gwangwanin Maɓallai

Ni ce mai ba Baba magani. Gara in fara da wannan, kada in yi ta zuba labari wani ya ɗauka hannuna a wanke yake. Kullum da safe, in na ɗora ruwan shayi, zan ɗauko kwalbar daga kan tagarsa, in zazzage masa farar ƙwaya guda a tafin hannu, in miƙa masa kofi. Shi kuma sai ya ƙame a bakin gado ya ce an karɓi oda, Likita. Sunan da ya raɗa min ke nan, ni da ban san wata allura ba sai ta ɗinki.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana. A layinmu Kofur ake ce masa, ko da yake ya haura shekara ashirin da ajiye kaki. Lokacin da aka tura su aiki wata ƙasa, shekara uku ya yi a bakin ramin ƙona sharar bariki. Tayoyi, batura, gwangwanayen fenti, robobi, magungunan da suka lalace, a kwarara musu mai a cinna wuta, shi kuma yana tsaye da dogon ƙarfe yana juyawa, da tsumma a hanci. Hayaƙin nan ne ya biyo shi gida. Likitoci suka ce huhunsa yana ƙeƙashewa a hankali, ba ya warkewa, amma ƙwayar nan tana riƙe ciwon kada ya yi gudu. Asibitin sojoji kaɗai ke ba da ita, kwalba guda a wata, sai ka mayar da wadda ta ƙare kafin a ba ka sabuwa.

Sau ɗaya a shekara kwamitin likitocin soja ke zama su duba irin su Baba, su ajiye kowa a matakinsa. Mataki na uku ɗan alawus ne na shan shayi. Na ɗaya kuwa na waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu ne, da injin iska a ɗaki, da alawus mai kauri, da haƙƙin mai jinya. Duk wanda ya ga Baba yana hawa matakalar ƙofar gida ya san ya wuce na uku. Amma bara da muka je, shi da kansa ya ɓata rawarsa. Tun da sassafe ya yi aski, ya goge rigarsa da hannunsa wai ni ban iya fitar da kari ba, ya murje takalmi har sai da ya yi ƙyalli. A benen asibiti sau biyu muna tsayawa yana haki, amma muna isa ƙofar ɗakin ya ture hannuna, ya shiga da ƙirji a gaba ya sara wa Kanar, babban likitan kwamitin. Aka tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau, ranka ya daɗe, ba shi da koke. Aka tambaye shi ko yana iya tafiya, ya ce kullum sai ya je ƙarshen layi ya dawo. Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ce sau uku yake zama a dakalin mutane kafin ya kai ba. Suka yaba masa da juriya, suka bar shi a mataki na uku.

Da muka fito na ce, Baba, me ya hana ka faɗa musu gaskiya? Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Wai shi a ce ya tsaya gaban Kanar yana raki kamar sabon kurtu.

Maigidan mai walda ne, yana da shago a bakin babban titi. Mutum ne da ba ya iya ɗaga wa ubansa murya, sai dai ya tattaro faɗan ya kawo min ɗaki. Shekara guda cur na sha maganar nan: tsoho ya ba da huhunsa, an ba shi abin shan shayi, ya kuma sara ya yi godiya. Ba na cewa ba shi da gaskiya. Haushin nan ni ma na ji shi.

Da takardar zaman bana ta iso, washegari sai ga Yaya, yayar maigidan, ta zo da rana tsaka ta same mu a ɗakin ɗinkina ta tura ƙofa. Ashe ta je ofishin tsofaffin sojoji ta gana da wani mutum da ke zama ƙarƙashin bishiya yana cike wa mutane takardu, Mai Fom ake ce masa. Shi ya ba ta dabarar. Tunda Baba ba zai buɗe baki ya ce yana jin jiki ba, to a bar jikin ya faɗa da kansa. A ɗauke masa ƙwaya kwana goma kafin zaman.

“Ba cutar da shi za a yi ba,” in ji Yaya. “Ciwon da yake da shi ne za a bari ya fito fili su gani. Ƙarya za mu yi? Ba shi da ciwon ne? Kwana goma kacal, ana fitowa daga gaban kwamiti ki mayar masa da abinsa.”

Na ce likita ya ja min kunne tun ranar farko, kada a tsallake ko kwana ɗaya. Yaya ta ce haka suke gaya wa kowa, aikinsu ke nan. Ta ce Mai Fom ya yi wa mutum ya fi ashirin wannan hanya, duk ga su nan da injinsu suna shan iska. Na sake buɗe baki, sai maigidan ya katse ni.

“Ubanki ne ko ubana? Kin fi ni son sa ne?”

Da yamma na ɗauko kwalbar, ƙwaya huɗu kawai aka sha a ciki, na juye sauran a gwangwanin da nake tara maɓallai, na cusa shi ƙasan akwatin keken ɗinki. Da safe na kai wa Baba shayi babu ƙwaya, na ce asibiti sun aiko a mayar musu da kwalbar, wai an sami matsala da wannan zubin, sabon kuma bai iso ba. Maigidan ne ya tsara min maganar, ni na faɗe ta. Baba ya yi dariya ya ce haka gwamnati take, su ma a bariki sun taɓa yin wata uku babu sabulu, kuma ba su mutu ba.

Kwana uku, huɗu, ban ga canji ba, har na fara cewa ko Yaya ce ke da gaskiya. A rana ta shida tarin ya sauya. Da, in ya yi sau biyu uku ya tofar shi ke nan. Yanzu busasshe ne, yana kama shi ya jijjiga har sai idanunsa sun kawo ruwa. Ya daina zuwa ƙarshen layi, ya koma zama a ƙofar gida yana ɗaga wa masu wucewa hannu. A rana ta takwas ya ce in sa masa kujera a banɗaki, tsayuwar wanka tana ba shi jiri. Na sa masa, ina cewa a raina saura kwana biyu.

A rana ta tara maigidan ya dawo daga shago tun azahar ba ta yi ba, da waya a hannu. An turo saƙo: na’urar awon numfashi ta lalace, an ɗaga zaman kwamiti da kwana goma sha shida. Ban tsaya jin ƙarshe ba na nufi akwatin keke. Ya riga ni, ya dafe murfin da tafin hannunsa. Ya ce in na ba shi yau, wahalar kwana tara ta tafi a banza ke nan, sai an sake sabon lale, kuma wane rashin imani ne a sa tsoho ya sha wuya sau biyu. Ya kira Yaya ya sa wayar a fili, ta ce Mai Fom ya ce ai wannan ɗagawar alheri ce, kwana goma ma wani lokaci ba ya nunawa sosai a na’ura. Ta ce in daure, ladan jinya ba ya samuwa a ɓagas.

Daga ranar maigidan ya fara ƙirga ƙwayoyin duk yamma in ya dawo. Zan iya cewa wannan ne ya hana ni. Amma ni tela ce, gwangwanin nan cike yake da fararen maɓallai ƙanana, kuma mutumin da ya wuni yana kallon wutar walda ba gani yake da kyau ba da yamma. Da na so, da na san yadda na yi. Tsoro na ji. Tsoron faɗa, tsoron Yaya ta zagaya dangi ta ce matar ƙanenta ta hana ubansu haƙƙinsa, tsoron a ce in tattara in bar yarana biyu. Kuma a ƙarƙashin tsoron, ba zan ɓoye ba, na riga na hango haƙƙin mai jinyar nan a hannuna.

Baba ya daina fita ƙofar gida. Sannan ya daina kwanciya, don in ya miƙe numfashi ba ya zuwa. Ya juya kujera ya rungumi bayanta, ya ɗora goshi a kan matashi, haka yake wuni. Leɓensa ya yi duhu, ƙafafunsa suka kumbura har silifas ba ya shiga. Mutumin da in ya fara labarin bariki sai abinci ya ƙone a kan wuta, ya koma magana guntu-guntu, kalma uku ya huta. Cokali biyu yake ci ya ture kwano, don taunar ma tana cinye masa iska.

Abin da ya fi yi masa ciwo banɗaki ne. Taku goma sha biyu ne daga ɗakinsa, ya gagare shi. Na sayo fo na ajiye masa ba tare da na ce komai ba. Sai ya riƙa rufe shi da tsohuwar jarida ya tura ƙarƙashin gado, yana jiran ɗansa ya zo ya zubar, don kada matar ɗansa ta gani. Ɗan kuwa ya koma fita tun gari bai gama wayewa ba, ya daina cin abincin rana a gida. Ya ce min zuciyarsa ba ta iya jure jin tarin nan. In ya dawo sai ya leƙa daga bakin ƙofa ya ce sannu Baba, ya wuce ɗaki ya ƙure rediyo. Ni nake faki idon Baba, in ya ɗan yi gyangyaɗi in janyo fo ɗin in fita da shi. Ya sani, na sani, ba mu taɓa haɗa ido a kai ba.

Yaya tana zuwa duk bayan kwana biyu da zuma da man shafawa. Ta zauna a gefensa tana murza masa baya tana kuka. Kukan gaske ne, hawaye shaɓe-shaɓe, kuma shi ya fi ƙona min rai. In ta fito tsakar gida ta share fuska, sai ta tambaye ni a hankali, “Ba ki dai ba shi ba ko?”

A rana ta goma sha takwas Baba ya kira ni da hannu. Ya zaro katin shaidarsa na soja daga ƙarƙashin matashi, wanda ya ɗaure da roba, ya miƙo min. Ya ce in daure in je asibiti da kaina, in sami mai ba da magani a taga, in nuna masa katin in ce Kofur ne ya aiko. Ko biyar ne su lalubo masa, ba za a rasa ba a ƙasan durowa. Ya ce kada in gaya wa Injiniya, haka yake kiran ɗansa, don yaron yana da aiki a gabansa, kada a ɗaga masa hankali. Na karɓi katin da hannu biyu, na saka mayafi na fita. Na je tashar mota na zauna a kan benci awa biyu, ina kallon motoci suna cika suna tashi. Na dawo na ce masa sun ce har yanzu bai iso ba. Ya ce Allah ya yi min albarka, ya sa ni wahala a rana.

Ranar zaman kwamiti Baba ya nemi reza, maigidan ya ce ba a gan ta ba. Ya nemi rigarsa mai kari, aka ce babu wuta, ba a yi guga ba. Aka zura masa wata tsohuwar riga da wuyanta ya saki, da gemun kwana goma a fuskarsa. Ya dubi kansa a gilashin taga, ya sunkuyar da kai. A kan kujera maigidan da wani maƙwabci suka ɗauke shi zuwa mota, a kujerar asibiti mai taya muka tura shi gaban Kanar. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannu ya sara, hannun ya tsaya a ƙirji.

Aka ba shi bututu ya busa, bai iya ba. Aka sake, bai iya ba. Kanar ya daɗe yana duba takardun bara da na yau, sannan ya sa a fita da Baba a saka masa iska, ya tambaya wa ke ba shi magani a gida. Na ce ni ce, na ajiye kwalbar da babu komai a ciki a kan tebur.

“Kin tabbata kullum yana sha? Bai taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba?”

Maigidan yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa a ƙeyata. Na ce kullum, ranka ya daɗe. Aka turo min takarda aka nuna min wurin mai jinya, na sa hannu.

Kanar ya cire tabarau ya ce to ya yi mana jaje. Ya ce in mutum yana shan ƙwayar nan kullum kuma ya faɗi haka cikin ƙanƙanin lokaci, ma’anarsa ta daina yi masa aiki. Magani ne mai wahalar da hanta, ba za su ci gaba da ɗura masa abin da ba ya amfanarsa ba, ga wasu can a layi suna jira. Ya ja layi a kan sunan maganin da jan biro. Ya ce an mayar da Baba mataki na ɗaya, za a kawo injin iska gida cikin mako, abin da ya rage mu kula da shi ya ji daɗin sauran kwanansa. Ya jefa kwalbar a kwandon shara.

Na juya na dubi maigidan, ina jiran ya yi magana. Ya ce mun gode, ranka ya daɗe.

A mota yana ta kiran Yaya yana cewa an dace. Sai da muka kusa gida na ce masa a hankali, ka dai ji an soke ƙwayar ko? Ya ce ai ba abin damuwa ba ne, da alawus ɗin mataki na ɗaya a kemis ma sai a saya. Kwana biyu ya yi yana zagaya kemis-kemis da sunan maganin a rubuce a bayan katin shagonsa. Wasu ba su taɓa jin sa ba. Wani ya ce ba a sayar da shi sai da takardar likitan soja. Ɗaya ya ce zai iya sa a kawo daga waje, da ya faɗi farashin, maigidan dariya kawai ya yi ya fito. Daga nan bai ƙara tayar da zancen ba.

Ni kuwa tun ranar da muka dawo na buɗe gwangwani, na tsince ƙwayoyi ashirin da shida daga cikin maɓallai, na ce wa Baba magani ya iso. Cikin mako guda ya ɗan farfaɗo. Ya koma kwanciya da matasai uku, yana gama magana ba tare da ya yanke ba, har ya nemi reza aka ba shi. Amma ƙarshen layi ya tafi ke nan, ko ƙofar gida bai ƙara takawa ba. Abin da ya ƙeƙashe a kwanakin nan bai dawo ba. Aka kawo injin, wani farin akwati mai gunji da doguwar roba zuwa hanci. Maigidan ya yi masa tebur na ƙarfe da hannunsa, mai kyau ƙwarai, ya riƙa shigo da maƙwabta suna kallo suna cewa Kofur ya haifi ɗa.

Da ƙwaya ta koma goma na tare maigidan kafin ya fita. Na ce mu je mu faɗa wa Kanar gaskiya, ya mayar da maganin. Ya ce ya riga ya tambayi Mai Fom: duk wanda aka kama da yi wa kwamiti ƙarya, a ƙwace injin, a soke alawus baki ɗaya, a kuma kai shi kotu. Ya ce so nake a cire wa tsoho robar nan daga hanci? Na ce so nake ya rayu. Ya ɗauki makullin shago, ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

“In za ki je ki je. Amma ki tuna ba ni na sa hannu ba.”

Yaya da na kira ta cewa ta yi kwana na Allah ne, ba ƙwaya ke riƙe rai ba, kuma in daina yi mata maganar nan a waya. Zuwanta ya koma mako-mako, ba ta daɗewa, wai gunjin injin yana sa mata ciwon kai.

Sai na fara raba ƙwayar biyu da rezar warware ɗinki, don goma ta zama ashirin. A safiya ta uku Baba ya juya rabin a tafin hannunsa, ya ce, “Likita, ya sake yankewa ne?” Na buɗe baki zan ce e, sai na fasa. Na durƙusa a gaban gadon na faɗa masa komai. Yaya, Mai Fom, gwangwani, bencin tasha, jan biron Kanar. Ban rage nawa ba. Na ce yau zan je asibiti in faɗa, ko me za a yi min a yi.

Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba, da ya yi ma da na fi samun sauƙi. Can ya tambaye ni wa ya sa hannu a takardar. Na ce ni.

“Ke kaɗai?”

“Ni kaɗai, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce ya san aikin soja, in aka buɗe fayil irin wannan sai an yi wata shida ana bincike kafin a ba shi ko rabin ƙwaya, shi kuma ba shi da wata shida. Ni za a riƙe, yara su tashi babu uwa a gida, a kan tsohon da ya riga ya gama. Ya ce bai yarda in je ba, in na je bai yafe ba. Ya huta, ya ja iska, sannan ya ƙara da cewa kada in gaya wa Injiniya ya sani. Ya ce yaron ba zai iya shigowa ɗakin nan ba in ya san an sani, shi kuma yana son ya riƙa ganin ɗansa. Ya jefa rabin ƙwayar a baki, ya miƙo hannu na ba shi kofi.

Ban je ba. Na ce umarninsa na bi, kuma haka ne, amma na san daɗin da na ji a ƙasan raina da ya hana ni, kuma wannan daɗin har yau ina jin kunyarsa.

Kullum da safe maigidan zai leƙo ya ce Baba an tashi lafiya, ya injin? Baba ya ce yana aiki, Allah ya yi albarka. Ni ina tsaye da kofi a hannu ina kallon su biyun. Rabin ƙwaya na ƙarshe ya sha ranar wata Talata. Bayan nan ban ƙara yi masa ƙarya ba, shi ma bai ƙara tambaya ba, shayi kawai nake kai masa. Ya koma rungumar bayan kujera, da roba a hanci. Ya yi mako bakwai a haka. Ya cika wata rana da hantsi, ina goge masa fuska da tsumma mai ɗumi, maigidan yana shago.

Mutane sun zo gaisuwa sosai, har da tsofaffin sojoji uku da sanduna, ɗaya yana irin tarin Baba. Yaya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Daga tsakar gida ina jiyo maigidan a waje yana ba masu gaisuwa labari, duk wanda ya zo sai ya maimaita masa: ramin sharar bariki ne ya kashe mahaifinsa, an tura bayin Allah cikin guba da tsumma a hanci, an dawo da su an watsar. Mutane suna cewa gaskiya ne, Allah ya isar musu, kai dai ka yi iya yinka.

Ba ƙarya yake yi ba, gubar ce. Waɗanda suka tsayar da Baba a bakin ramin nan suna da nasu hisabin, kuma ban yafe musu ba. Amma ni da na riƙe kofin na san lissafin da ba a yi a ƙofar gida. Gubar nan ta shekara ashirin tana cin mutumin nan ba ta iya gamawa da shi ba. Mu da muke ce masa Baba, kwana ashirin da shida suka ishe mu.